Kogin Katsina-Ala: Daga Tsaunukan Bamenda Zuwa Binuwai

Duk shekara, da zarar Agusta ta raba tsakiya, labari ɗaya ne ke cika gidajen rediyo game da kogin Binuwai: Kamaru za ta buɗe madatsar Lagdo, mutanen bakin ruwa su tattara nasu-ya-nasu su hau tudu. A 2012 ambaliya ta ci rayuka 363 a Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan 2 da muhallansu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Duka biyun Lagdo aka nuna wa yatsa. Sai ga shi a Oktoban 2022 ministan albarkatun ruwa na lokacin, Injiniya Suleiman Adamu, ya shaida wa 'yan majalisa cewa kason Lagdo a cikin wannan ruwa ɗan kaɗan ne, mafi yawansa ruwan sama ne da kogunan da ke zuba a Binuwai daga baya. An yi masa ca a kai. To amma ko mutum bai gamsu da lissafinsa ba, taswira tana ba shi gaskiya ta wani ɓangare. Tsakanin Lagdo da Makurɗi akwai Mayo Kebbi, akwai Faro, akwai Gongola da ke shigowa a Numan, sannan Taraba da Donga da Katsina-Ala, kowanne da nasa kayan da yake saukewa.

Na ƙarshen nan shi ne abin dubawarmu. Ruwansa bai taɓa bi ta Katsinar Dikko ba. Daga arewa maso gabashin Bamenda yake tasowa, a cikin Kamaru, ya nufi arewa maso yamma, ya yi tafiyar kilomita kusan 320, ya faɗa Binuwai gab da Abinsi, kafin a kai Makurɗi. In aka jera shi da Kwara mai tsawon fiye da kilomita 4,000, yaro ne ƙarami. Sai dai a wannan gajeriyar tafiya yana saukowa daga tsaunukan da suka haura mita 2,000 zuwa kwarin da bai fi mita 100 sama da teku ba, kuma kusan duk wannan gangare a kashi na farko na tafiyar yake. Halin kogin, da yawan ruwansa, da launinsa, da haɗarinsa, duk a can sama ake yanke su, a ƙasar da masu shan ruwansa a Nijeriya ba su da ta cewa a cikinta.

Tsaunukan da suka haife shi ba su kaɗai ba ne. Wani dogon layi ne na duwatsu masu aman wuta, wanda ya faro daga cikin teku, inda tsibiran Annobon da Sao Tome da Principe da Bioko suke, ya hau gaɓa da Dutsen Kamaru mai tsayin fiye da mita 4,000, wanda ko a 1999 da 2000 sai da ya yi amai. Daga nan layin ya bi ta Manenguba da Bambutos da Oku, ya rabu, reshe ya nufi tudun Adamawa, reshe ya miƙe har tudun Biu a jihar Barno. Wato baƙin dutsen da mutumin Biu yake takawa ɗan'uwan wanda ke ƙarƙashin Bamenda ne. A tsakiyar layin Dutsen Oku yake, mai tsayin mita 3,011, na biyu a Kamaru. Don a gane girmansa, Chappal Waddi na Gashaka, wanda babu kamarsa a Nijeriya, mita 2,419 ne.

Waɗannan tsaunuka sun tare wa iskar damina hanya. Iskar na tasowa daga teku cike da laima, in ta iso sai ta hau dole, in ta hau sai ta yi sanyi, in ta yi sanyi sai ta zubar da abin da ta ɗauko. Shi ya sa damina a nan takan faɗi tun Maris, lokacin da Kano ke tsakiyar bazara, ba ta ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba, kuma ruwan shekara yakan ninka na Kano biyu ko fiye. Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne rabon ruwan. Hadari ɗaya zai sauka a kan tsauni ɗaya, ruwansa ya kama hanya uku. Wanda ya gangara kudu maso gabas ya shiga kogin Nun, daga nan Mbam, daga nan Sanaga, ya faɗa teku a kudancin Duwala. Wanda ya yi kudu maso yamma ya shiga Manyu, wanda ke zama kogin Kuros, ya fita ta Kalaba. Wanda kuwa ya gangara arewa, shi ne ya zaɓi doguwar hanya: ya juya wa tekun da ke kusa da shi baya, ya bi Katsina-Ala zuwa Binuwai, ya sadu da Kwara a Lakwaja, sannan ya juyo kudu. Sai ya yi fiye da kilomita 1,000 kafin ya isa inda 'yan'uwansa suka riga shi da daɗewa.

A can ƙolin Oku akwai ragowar kurmin da a da ya lulluɓe mafi yawan waɗannan tsaunuka. Ana kiran sa Kilum-Ijim, faɗinsa kusan hekta 20,000, kuma shi ne mafi girman kurmin kan tsauni da ya rage a wannan sashe na Afirka. Ba irin kurmin kudu ba ne mai dogayen itatuwa da zafi mai gumi. Nan sanyi ne, itatuwan gajeru ne masu murɗaɗɗun rassa, gansakuka ta naɗe su tun daga gindi har sama, ga gorar dutse a wasu sassa, gajimare kuwa ba sama yake ba, a tsakanin itatuwan yake yawo. Ganye da gansakuka suna tatsar laimar gajimaren, tana ɗiga ƙasa ko da ba a yi ruwa ba. Ƙasar kanta tokar aman wuta ce da ta ruɓe, mai zurfi, mai shan ruwa, ga tarin ruɓaɓɓen ganye a samanta. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba ya samun damar gudu. Nutsewa yake yi, ya bi ƙarƙashin ƙasa a hankali, ya ɓullo bayan makonni ko watanni a matsayin idon ruwa a gefen tsauni. Ruwan da mai kwale-kwale yake gani a garin Katsina-Ala cikin Fabrairu, lokacin da aka yi wata uku ba a ga ɗigo ba, wani kaso nasa ruwan Satumba ne da ƙasar tsauni ta ajiye.

Albarkar wannan ƙasa ita ce ta ja wa dajin. Masara da wake da dankalin turawa da gahawa duk suna yi sosai a kanta, don haka yankin yana cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Kamaru. Daga farkon shekarun 1960 zuwa tsakiyar na 1980 kusan rabin kurmin Oku ya tafi. Da farashin gahawa ya faɗi a ƙarshen shekarun 1980, manoma suka ƙara matsawa sama neman sabuwar gonar wake da dankali. Ga awaki da ake saki a cikin dajin suna cinye duk wani tsiro, ga wutar da makiyaya ke sakawa da rani don sabuwar ciyawa ta fito, wadda takan tsallake ta ci bakin kurmi. Akwai kuma wani itace da ake sayen ɓawonsa a Turai don haɗa maganin ciwon da ke tsare wa dattawa fitsari. An yi ta saɓule shi har itatuwan suka riƙa mutuwa a tsaye, sai da Tarayyar Turai ta dakatar da sayensa daga Kamaru a 2007 na ɗan lokaci.

A nan akwai inda masu kishin daji kan zarce gona da iri. Ba gaskiya ba ce a ce da kurmin yana nan da ba a yi ambaliyar 2012 ba. In ruwa ya yi kwanaki yana zuba a kan yanki mai faɗin dubban murabba'in kilomita, ƙasa takan ƙoshi, da daji da babu daji, abin da ya sauka bayan nan gudu zai yi. Abin da daji ke yi ya fi haka natsuwa, amma a ganina ya fi haka muhimmanci. Yana rage kaifin cikar kogi a daminar yau da kullum, yana tsawaita ruwan rani, yana kuma riƙe ƙasa a inda take. In aka sare shi aka yi kunya a kan gangare, ruwan sama na farko zai kwashi ƙasar saman ya yi gaba da ita. Kogin da ke jawur a watan Yuni yana da dalilinsa, ruwa ba ya tsami banza. Kuma ba kowane itace ne ke maye gurbin kurmi ba. An cika tsaunukan Nso da Nkambe da itacen turare saboda yana saurin girma, yana ba da makamashi da katako da turakun lantarki. Amma itace ne mai ƙishirwa, kuma mutanen yankin sun daɗe suna kukan cewa inda aka dasa shi a kan idon ruwa, idon yakan ƙafe, har wasu ƙananan hukumomi suka shiga sare shi daga mafarin ƙoramu.

Abin da ya ceci ragowar Kilum-Ijim, abin mamaki, tsuntsu ne. Akwai wani koren tsuntsu mai jan tukku da ba a samun sa ko'ina a duniya sai a kurmin waɗannan tsaunuka, kuma jan gashin fiffikensa ne sarakunan yankin, waɗanda ake kira Fon, suke soka wa mutum a hula in ya yi abin bajinta. Saboda shi ƙungiyar da a yau ake kira BirdLife ta fara aiki a Kilum a 1987, ta ƙara da Ijim a 1992. Dabarar da ta yi amfani ita ce ba a kawo masu gadi da bindiga ba. An zauna da sarakunan Oku da Nso da Kom da majalisunsu na gargajiya, aka shata iyakar da gona ba za ta wuce ba, kuma dokar gandun daji ta Kamaru ta 1994 ta ba ƙauyuka ikon riƙe dazuzzukansu. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna dajin ya daina ja da baya, har ya ɗan farfaɗo a wasu wurare. Masu zuma ma sun taimaka. Farar zumar Oku, mai kauri, wadda ta samu shaidar kariyar suna a 2013, daga furannin kurmin kaɗai take samuwa. Mai amya yakan kafa ta a ƙasa-ƙasa inda ƙudan zuma ke da yawa, in sun shiga ya ɗauke ta a ka ya haura da ita cikin kurmi. Wanda ya sha wannan wahala ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan wutar daji.

Daga tsaunukan ruwan yana saukowa ta manyan hannuwa biyu. Na gabas shi ne wanda ake kira Kimbi a samansa, yana ratsa ƙasar da aka mayar gandun dajin Kimbi-Fungom a 2015. Na yamma shi ne Menchum, wanda ke kwasar ruwan ƙasar Kom da na Mezam da ya bi ta Bamenda da Bafut, ya yi tsalle daga kan dutse a kusa da Befang, a hanyar Wum, inda matafiya kan tsaya kallo. Can wajen kan iyaka suke haɗuwa. A wannan sashe kogin ba na jirgi ba ne. Kwazazzabai ne masu zurfi, da duwatsu, da ruwa mai kumfa. Irin wannan ruwa mai gudu shi ne wurin hayayyafar wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da cizonsa ke sa tsutsa a jiki, ta jawo ƙaiƙayi, daga ƙarshe ta makantar. Kwarin Menchum da kudancin Taraba suna cikin wuraren da wannan cuta ta yi wa illa ƙwarai, kafin a fara rabon ƙwayar Mectizan kyauta daga 1987. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙauyuka da yawa suka gwammace kan tudu, suka bar bakin ruwa mai ni'ima.

Duk da haka kwarin hanya ne tun fil azal. A ƙarni na 19 mahayan Chamba da suka taso daga wajen Faro sun kafa sarauta a Donga da Takum a gefen Nijeriya, da Bali a gefen Kamaru. A 1889 Bajamushen nan Eugen Zintgraff ya taso daga Bali, ya bi ta Bafut, ya sauko Takum, ya kai Ibi a bakin Binuwai. Fatake Hausawa sun hau waɗannan tsaunuka neman goron ƙasar Nso, kuma zangon da suka kafa a Bamenda, Abakwa, har yau da sunansa ake yi wa birnin laƙabi. Fulani sun biyo baya a farkon ƙarni na 20, bisa jagorancin Arɗo Sabga, wanda garin Sabga ke ɗauke da sunansa. Abin da ya ja su a fili yake: ciyawa har gwiwa, ruwa ko'ina, kuma sanyin tudun ya hana ƙudan tsando zama, babu sammore. Da rani sukan gangaro kwari, inda gonakin mata suke, kuma matan Aghem na Wum sun sha yin zanga-zanga a kan ɓarnar shanu.

Akwai lokacin da mafarin kogin da bakinsa suke ƙarƙashin gwamna ɗaya. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta karɓi wannan yanki daga Jamus, ta haɗa mulkinsa da Nijeriya. Ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairu 1961 ce ta raba su: arewacin yankin ya zaɓi Nijeriya ya zama Lardin Sardauna, kudancinsa, har da Bamenda, ya zaɓi Kamaru.

A ɗaya daga cikin ƙoramun da ke zuba a Kimbi akwai wani ƙaramin tafki a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta. Sunansa Nyos. Faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 2 ba, amma zurfinsa ya haura mita 200. A daren Alhamis, 21 ga Agusta 1986, wajen ƙarfe tara, aka ji wata ƙara daga wajensa. Wata iska marar launi ta taso daga cikin ruwan, ta malalo ta bakin ramin, ta bi kwari. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, ba ta tashi sama ba, ƙasa ta bi, hanyar da ruwa ke bi, ta cika ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Fitilu suka mutu, wutar murhu ta mutu, mutane suka faɗi inda suke. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kusan 3,500, galibi shanun Fulani, wasu a nisan kilomita 25 daga tafkin. Ba a rushe ko da bukka ɗaya a ƙauyukan ba. Waɗanda suka farfaɗo bayan sa'o'i masu yawa sun tarar ko ƙuda babu a kan gawarwaki, shi ma ya mutu. Tafkin da aka sani shuɗi ya wayi gari ja kamar tsatsa, saboda ruwan ƙasansa mai ƙarfe ya taso ya haɗu da iska. Waɗanda suka tsira aka kwashe su zuwa sansanoni irin su Buabua da Kimbi.

An yi ta jita-jita, har da masu cewa gwajin makami ne. Bayanin masana ya fi haka sauƙi, kuma shekara biyu kafin nan, a Agustan 1984, tafkin Monoun da ke kudu ya yi irin haka ya kashe mutum 37. Daga narkakken dutsen da ke can ƙarƙashi iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, tana tsatsowa cikin gindin tafkin. Nauyin ruwan sama yana danne ta, ta narke a ciki, kamar yadda gas ke zaune lafiya a kwalbar lemo muddin ba a cire murfi ba. A ƙasashen sanyi tafki yakan juya kansa duk shekara ya fitar da abin da ya tara. Nyos ba ya juyawa, ga zurfi, ga bango ya kare shi daga iska, sai ya yi ta tarawa shekara da shekaru, har ranar da wani abu, wataƙila zaftarewar dutse, ya motsa shi. Maganin da aka samo ma mai sauƙi ne. A 2001 injiniyoyin Faransa, bisa jagorancin Michel Halbwachs, suka zura bututu har gindin tafkin. Da an ja ruwan sau ɗaya, iskar da ke cikinsa ce ke ci gaba da tura shi sama ba tare da inji ba, yana feshi tsayin mita da dama. An ƙara biyu a 2011.

Nijeriya ba iskar ce ta hana ta barci ba, ruwan ne. A arewacin tafkin abin da ya tare shi ba dutse ne mai ƙwari ba. Wata katanga ce ta toka da tsakuwar aman wuta da suka manne, tsayinta kusan mita 40, kaurinta a inda ta fi siranta kusan mita 45, ruwa na bi ta kanta da damina, yana kuma tsatsa ta cikinta yana rarake ta. Tun 1988 masanan Amurka suka yi gargaɗi a kanta. A 2005 wata tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tana iya karyewa cikin shekara 5 zuwa 10, ta saki ruwa kimanin kyubik mita miliyan 50, wanda zai bi Kimbi ya tsallaka iyaka da ke nisan kilomita 100 ko fiye kaɗan. Kuma in saman tafkin ya zube, an ɗage wa na ƙasa nauyin da ke danne shi, iskar ma ta biyo. Masana sun saɓa a kan gaggawar abin. Masu cewa shekarun katangar ba su wuce 400 ba suna ganin tana cinyewa da sauri. Masu cewa ta girmi haka nesa ba kusa ba suna ganin an zuzuta. Wa'adin dai ya wuce ba ta karye ba, kuma Kamaru ta ƙarfafa ta da siminti.

Wannan tsoro ne ya haifi madatsar Kashimbila, a ƙaramar hukumar Takum ta jihar Taraba, jim kaɗan bayan kogin ya shigo Nijeriya. An ba da kwangilarta a 2007, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ita a Mayun 2023, shekara 16 ke nan, wato da katangar Nyos ta cika alkawarin da aka yi mata, da ta tarar da aikin bai kammala ba. Tana ɗaukar ruwa kyubik mita miliyan 500, ninki goma na abin da ake tsoron Nyos zai saki, kusan rubu'in abin da madatsar Tiga ke ɗauka. An haɗa mata injinan lantarki huɗu masu ba da megawat 40, da matatar ruwan sha, da shirin noman rani, har da filin saukar jirgi.

Aiki ne mai kyau, kuma ba kasafai ake ganin gwamnati ta yi gini don masifar da ba ta auku ba tukuna. Sai dai akwai saɓani a cikin ayyukan da aka ɗora wa madatsar, wanda ba a cika faɗa ba. Mai son lantarki so yake tafki ya cika ya batse, domin tsayin ruwa shi ne ƙarfin inji, kuma abin da aka tara a Satumba shi za a ci har Maris. Mai tsoron ambaliya so yake a bar wuri fanko. Madatsar da ta cika ba ta tare komai, duk abin da ya shigo ta sama sai ya fita ta ƙasa. Lokacin da katangar Nyos ta fi shiga haɗari kuwa shi ne tsakiyar damina, daidai lokacin da Kashimbila ke cika. Saboda haka darajarta a matsayin garkuwa ba ta tsaya ga tsayin bangonta ba, ta rataya ga ƙa'idar da masu juya ƙofofinta ke bi, da kuma ko za su yarda su zubar da ruwan da kuɗi ne a wurinsu. Wanda ke samun riba da megawat ba shi ya kamata ya yanke wannan hukunci shi kaɗai ba.

Sannan ga laka. Ƙasar da ruwa ya kwaso daga gonakin Kom da Wum a da wucewa take ta kwanta a fadamun Tibi ta zama taki. Yanzu in ta iso ruwa mai tsayuwa sai ta zauna a gindin madatsa, kowace shekara ta ci wani abu daga miliyan 500 ɗin nan. Ba wanda zai ji ƙararta kamar ta Nyos, kuma babu bututun da ke maganinta. Saurin cikar madatsar da laka yana hannun manomin da ke yanke shawarar ko zai yi kunyarsa a kwance ko a tsaye a kan gangaren da ke wata ƙasa.

Bayan Kashimbila kogin ya sauya hali gaba ɗaya. Ya shiga babban kwarin Binuwai, tsagar da ta buɗe sa'ad da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, teku ta taɓa shiga cikinta ta bar farar ƙasar da kamfanin siminti na Gboko yake haƙa a yau. A nan babu gangare, sai ya baje, ya riƙa lanƙwasa, da rani tsibiran yashi su fito a tsakiyarsa. Ƙasar Tibi ce, ƙasar doya. Kasuwar Zaki Biam, inda manyan motoci ke lodi zuwa Kano da Legas, ba ta da nisa da gaɓarsa ta arewa. Ya bi ta gefen garin Katsina-Ala, inda gada ta haɗa hanyar Gboko da ta Wukari, ya ratsa ƙasar Etulo, ya wuce Buruku. Daga garin Katsina-Ala zuwa ƙasa jirgin ruwa na iya bin sa in ya cika. A Buruku an daɗe ana fito da kwale-kwale da jirgin da ke ɗaukar mota, kuma an sha asarar rayuka a wannan mashigi, musamman lokacin bukukuwa da ake cika jirgi fiye da kima. Masunta Jukun da Hausawa suna kama giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa, kuma har yanzu akan ci karo da ayu a gurbi mai zurfi. Kifin nan da fadamun shinkafa duk da cikar damina suke rayuwa: sai ruwa ya hau fadama kifi ke samun wurin ƙwai. Madatsar da ta daidaita kogi fiye da kima tana iya kare gida ta rage abin da ake kawowa gidan.

A takarda akwai inda za a tattauna duk wannan. Nijeriya da Kamaru duka mambobi ne a Hukumar Kula da Kogin Kwara mai hedikwata a Yamai, wadda aka kafa a 1964 aka sake mata fasali a 1980. Abin da Kashimbila ke buƙata daga maƙwabciya ba mai tsada ba ne: ma'aunin ruwan sama a Oku da Wum, ma'aunin tsayin kogi a Kimbi da Menchum, da wanda zai buga waya in abu ya taso, domin ruwan da ya baro Nyos cikin sa'o'i zai iso iyaka. Amma tun daga ƙarshen 2016 yankin Bamenda yake cikin rikicin 'yan awaren Ambazoniya. An rufe hanyoyi, ma'aikata sun bar ƙauyuka, dubban mutane sun tsallako zuwa Taraba da Binuwai da Kuros Riba, wasu ta bin wannan kwari da kakanninsu suka bi. Kula da bututun Nyos da iyakar kurmin Oku aiki ne na zaman lafiya, na mutanen da ke iya hawa tsauni su dawo. A Nuwamban 2021 'yan bindiga daga wancan gefe suka afka wa ƙauyen Manga a ƙaramar hukumar Takum, suka kashe dagacin garin da wasu mutanensa, tafiya kaɗan daga madatsar.